Boren Talakawa da Zaman Lafiyar Duniya: Abin da Tarihin Yammacin Kano Ya Nuna



Gabatarwa

Tambayar da aka ɗora mini in yi magana a kanta a yau ita ce: idan talakawa suka tashi suka yi wa azzalumin mai mulki bore, shin hakan barazana ce ga zaman lafiyar duniya? Tambayar ta yawaita a bakin masana siyasa tun daga shekarar 2011, lokacin da jama'ar Tunisiya da Masar da Libiya da Siriya suka tayar wa shugabanninsu. A zamanin da nake karatu a ƙasar waje na sha jin ana muhawara a kanta, amma kusan kullum daga Faransa ko Rasha ko Iran ake ɗauko misalai, kamar dai mu nan ba mu taɓa ganin sarauta ta faɗi ba. Ni zan ɗauko nawa misalin daga gida. Duk wanda ya san Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, ya kuma san garuruwan ƙasar Kabo da ke maƙwabtaka da ita, irin su Gammo da Godiya da Masanawa, to ya san filin da aka fara girgiza tsohuwar sarautar Kano shekaru fiye da 200 da suka wuce. Daga wannan fili zan fara, in bi abin da ya biyo baya, sa'an nan in leƙa sauran duniya domin mu gwada.

Ma'anar Kalmomi

Da yake ni malamin harshe ne, sai ku yi mini haƙuri in fara da kalmomi. Bahaushe yana da sunaye da dama na ƙin bin mai mulki. Akwai tawaye, wato gari ko hakimi ya janye mubaya'arsa ya daina kai gaisuwa. Akwai bore, wato jama'a su turje su ƙi bin umurni. Akwai basasa, wato 'yan gida ɗaya su ɗauki makami a kan junansu. Akwai fitina, kalmar da muka aro daga Larabci, wadda malamai ke nufin tashin hankalin da ke raba kan jama'a da ita. A zamanin rediyo da jarida kuma aka ƙago juyin mulki da juyin juya hali.

Abin lura shi ne, galibi wanda ya yi rinjaye shi ke raɗa wa abu suna. Wanda ya tashi aka murƙushe shi, sai marubutan fada su kira shi ɗan tawaye. Wanda ya tashi ya ci nasara, shi zai naɗa marubutan da za su rubuta labarin. Haka nan kalmar zaman lafiya. Mun gaji karin maganar da ke cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma gaskiya ce. Amma ƙasa tana iya yin tsit domin mutanenta sun wadatu, tana kuma iya yin tsit domin suna jin tsoro. Mai kallo daga nesa ba ya bambance su, duk zaman lafiya yake kiransu. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin laccata.

Kano Kafin 1804

Littafin nan na Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, bai ɓoye halin da talaka ya shiga a ƙarni na 18 ba. Ya nuna cewa Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, ya ƙago sababbin hanyoyin karɓar kuɗi, har da haraji a kan kasuwar Kurmi da kuma a kan auren budurwa. Magajinsa Kumbari ya ƙara tsananta karɓar kuɗi a kasuwar har ta kusa mutuwa, ya kuma ɗora wa malamai haraji. Saboda haka Larabawa 'yan kasuwa suka koma Katsina, talakawan birni da yawa kuma suka watsu cikin ƙauyuka. Dalilin wannan matsi a fili yake. Kano tana fama da yaƙe-yaƙe da Gobir da sauran maƙwabta, dawaki da bindigogi kuwa da tsada, kuma daga aljihun manomi da makiyayi da ɗan kasuwa kuɗin ke fitowa.

Littafin Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ambaci irin waɗannan al'adu na sarakunan ƙasar Hausa da sunayensu na Hausa: jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa da ake kai wa masu iko, da kamuwa, wato ƙwace dabbar talaka ba tare da biya ba. Ya kuma ambaci tarar da ake ci wa wanda ya ƙi fita yaƙi. Wajibi ne in bayyana cewa jagororin jihadi malamai ne, kuma gyaran addini ne babban nufinsu, saboda haka kuskure ne a mayar da jihadi boren haraji kawai. Amma malami ba ya cin yaƙi da almajiransa kaɗai. Dubban manoma da makiyaya da suka bi tutocin suna da nasu kokensu, kuma wannan koke ne ya sa kiran malamai ya sami masu amsawa.

A idon baƙon da ya zo wucewa a shekarar 1800, Kano tana zaune lafiya. Sarki Muhammadu Alwali yana kan gado tun 1781, ganuwa tana nan daram, ayari yana shiga yana fita. Cikin 'yan shekaru kaɗan duk wannan ya rushe.

Daga Kwazazzabo zuwa Burumburum

Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, a watan Yuni kuma aka gwabza a Tafkin Kwatto. Jama'arsa na ƙasar Kano su ma suka yi tasu hijirar, suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, kimanin mil 30 yamma da birni. A cikin manyansu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Dabon Dambazau, da kuma Malam Usman Bahaushe, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa al'amarin bai tsaya ga ƙabila ɗaya ba. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta labarin waɗannan yaƙe-yaƙe a littafinsa Taƙyidul Akhbar. Rundunonin da Alwali ya fara aikawa ba su yi nasara ba. Daga nan yaƙi ya bi ta Gammo da Kabo da Masanawa da Godiya, har masu jihadi suka ci Ƙaraye, babban garin wannan yanki. Bayan yaƙin Ɗanyaya, Alwali ya bar birni ya nufi Zazzau, daga baya ya dawo Burumburum, inda aka kashe shi a 1807. Malam Sulaimanu ya zama sarkin Kano na farko a ƙarƙashin tutar Shehu.

To, wannan abu da ya faro a kwazazzabon ƙauye, ya girgiza duniya? Idan muna nufin duniyar da mutanen wancan zamani suka sani, lalle ya girgiza ta. Katsina da Daura da Zazzau duk sun faɗi a cikin waɗannan 'yan shekaru. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar kuma aka shiga Birnin Gazargamu na Barno, daular da ta daɗe tana jan ragamar wannan sashe. Shehu Muhammadu al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙin, ɗaya daga cikin hujjojinsa kuwa ita ce irin wadda ake bayarwa a yau: ko da masu mulki suna da laifi, yaƙar su yana jawo ɓarnar da ta fi laifin. Maganar ba ta tsaya a takarda ba, domin a wajen 1826 zuwa 1827 al-Kanemi ya kawo yaƙi har cikin gabashin ƙasar Kano, sai da Yakubu na Bauci ya tare shi.

Riba da Hasara

Idan za mu yi adalci, sai mu buɗe littafin lissafi mai shafi biyu. A shafin riba, yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Kano da Katsina da Gobir da Zamfara sun ragu ƙwarai, domin yawancin ƙasashen sun koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi ɗaya. Hanyoyin fatauci suka buɗe, masaƙa da marina na ƙasar Kano suka bunƙasa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma nuna cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ilmi ya yaɗu, aka yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa.

A shafin hasara kuwa, sarautun da aka kora ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Zuriyar sarakunan Zazzau suka kafa Abuja ta dā a 1828, garin da ake kira Suleja a yau. Na Daura suka koma Zango da Ɓaure. Na Katsina suka zauna a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga Maraɗi aka yi ta kawo hari cikin ƙasashen Katsina da Kano shekara da shekaru, musamman a zamanin Ɗanbaskore, kuma yammacin Kano yana cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Shi ya sa garuruwa irin su Gwarzo da Ƙaraye suka zama garuruwan tsaron iyaka. Manomin wannan yanki, wanda kakansa ya ga tashin tutoci a Kwazazzabo, sai ya wayi gari yana noma yana waiwaye. Daɗin daɗawa, arzikin da Barth ya yaba, wani babban sashensa a kan gumin bayi aka gina shi, waɗanda aka kamo aka zuba a gandaye da rumada. Ga waɗannan bayin Allah, sabon zaman lafiyar bai zo da wani sauƙi ba.

A cikin gida ma ba a zauna nan da nan ba. Da Ibrahim Dabo ya hau gado a 1819, sai da ya shafe shekaru yana yaƙar garuruwan da suka ƙi binsa, kuma tawayen Ɗantunku ne ya haifar da masarautar Kazaure. Wajen 1846, Malam Hamza na Tsakuwa da jama'arsa suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. Daga can magadansa suka addabi kudu maso gabashin Kano kusan rabin ƙarni. A lura da wannan sosai: shekara 40 kacal bayan faɗuwar Alwali, sai ga malami yana tuhumar sabuwar hukuma a kan haraji, wato irin tuhumar da aka yi wa tsohuwa.

Basasa da Satiru

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu jera kusa da juna. Na farko shi ne Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Babu talakan da ya tayar da shi. Rigimar gadon sarauta ce tsakanin jikokin Dabo, amma ta cinye rayuka da garuruwa, ta raunana ƙasar shekaru kaɗan kafin Turawan Ingila su ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Wannan yana tuna mana cewa sau da yawa daga cikin fada ake rusa zaman lafiya.

Na biyu shi ne Satiru, wani ƙauye kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. A watan Fabrairu na 1906 mutanensa, yawancinsu talakawa da bayin da suka gudo, suka tashi a ƙarƙashin Malam Isa da Ɗanmakaho, wanda ya tsallako daga yankin da Faransa ke mulki. Da gatari da fartanya suka tarwatsa rundunar da aka aika musu, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20. Hankalin Lugga ya tashi, domin yana tsoron kada wutar ta kama sauran masarautu. A watan Maris aka koma da manyan bindigogi, tare da goyon bayan fadar Sakkwato, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka shafe garin. A rahotannin Turawa an rubuta cewa an maido da zaman lafiya. Ku dubi lissafin da kanku: boren ya ci rayuka 'yan gomiya, maido da zaman lafiyar ya ci dubbai. Shirun da ya biyo baya na tsoro ne, kuma shi ya ƙulla amana tsakanin Turawa da sarakuna har ƙarshen mulkin mallaka.

Wata Hanya Dabam

A ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Koken da ta ɗauko tsoho ne: haraji da jangali, da aikin tilas, da zaluncin 'yan doka da kotunan En'e. Sabon abu shi ne makamin da ta zaɓa, wato lacca da waƙa da katin jam'iyya da ƙuri'a. An ɗaure 'ya'yanta, an yi musu bulala, an kira su 'yan fitina masu neman rusa ƙasa. Ba ta taɓa kafa gwamnati ba a Jamhuriya ta Farko. Amma a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, a 1979 kuma gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Abin da Kitabul Farƙi ya koka da shi, wanda ya fitar da Malam Hamza daga Tsakuwa, da ƙuri'a aka kawar da shi. An ɗauki kusan shekara 30, an kuma sha wuya, amma ba a ƙone gari ba, ba a kuma bar wata Maraɗi a bayan iyaka tana jiran ramuwa ba.

Leƙen Sauran Duniya

Idan muka ɗaga ido sai mu ga kamanni. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya jawo yaƙe-yaƙen da suka game Turai har 1815, lokacin da sarakuna suka taru a Biyana, daga baya kuma wasunsu suka yi alkawarin taimakon juna a kan bore. Wannan alkawari bai hana jama'a sake tashi a 1830 da 1848 ba. A 1989 kuwa gwamnatocin Gabashin Turai suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba tare da yaƙi ba, domin Tarayyar Sobiyat ba ta aiko da tankoki ba, kuma a ƙasa kamar Folan akwai ƙungiyar ƙwadago mai tsari wadda ta zauna da gwamnati aka yi sulhu.

Misalin da ya fi shafar mu shi ne Libiya. An fara bore a watan Fabrairu na 2011, a watan Maris Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izinin amfani da ƙarfi, jiragen ƙungiyar NATO suka shiga, a watan Oktoba aka kashe Gaddafi. Da yake ya shafe shekara 42 bai bar jam'iyya ko majalisa mai cin gashin kanta ta tsaya da ƙafarta ba, da ya faɗi babu abin da ya rage da zai riƙe ƙasar. Rumbunan makamai suka buɗe, mayaƙa suka bazu cikin Sahara. A watan Janairu na 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, a watan Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, kuma tashin hankalin ya yaɗu zuwa Burkina Faso da Nijar. A nan babu mai musun cewa faɗuwar mai mulkin kama-karya ta girgiza yanki guda.

Amma ga maƙwabciyarmu Nijar. A ranar 9 ga Fabrairu, 1990, jami'an tsaro suka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ƙwadago suka matsa, har Shugaba Ali Saibu ya amince aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, aka yi zaɓe a 1993, Mahamman Usman ya hau mulki. Gaskiya ne sojoji sun sake ƙwace mulki a 1996, amma wannan sauyi na 1991 bai jefa ƙasar ko maƙwabtanta cikin yaƙi ba.

Kammalawa

Daga abin da muka gani, amsata ga tambayar ita ce: e, boren jama'a yana iya girgiza ƙasa da maƙwabtanta, kuma talaka ne ke fara ɗaukar nauyin girgizar, kamar yadda mutanen Gwarzo da Ƙaraye suka ɗauka a ƙarni na 19. Duk wanda ke kiran jama'a su fito, wajibi ne ya san wannan. Amma girman ɓarnar yana rataye a kan wasu abubuwa da za a iya ganewa: ko mai mulkin ya bar wata kafa ta kai kuka da yin sulhu, ko masu tashin suna da tsarin da zai gaji wanda suka rusa, ko an yi wa waɗanda aka kayar masauki a cikin sabon tsarin, da kuma ko wasu daga waje sun tsoma hannu da makamai. Tushen matsalar kuma ya girmi ranar boren. Kano ta fara tsagewa tun zamanin Sharefa da Kumbari, shekaru 70 ko fiye kafin a taru a Kwazazzabo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, ku ne ke zaune a inda talaka ke haɗuwa da hukuma: wurin karɓar kuɗin shiga, da ofishin filaye, da asibiti, da rajistar kotu. Masu karɓar kuɗi a kasuwar Kurmi a zamanin Kumbari su ma ma'aikata ne, kuma a ganinsu aikinsu kawai suke yi. Takardar koken da aka ajiye a ƙarƙashin fayil ba ta ɓace ba, tana nan a zuciyar mai ita. Ga ɗalibai kuwa, ina roƙonku ku karanta Taƙyidul Akhbar da Tarihin Kano, ku kuma je Gammo da Godiya da Sabon Birni ku zauna da dattawa ku rubuta abin da suka ji daga iyayensu, domin labarin waɗannan yaƙe-yaƙe daga bakin fada da malamai muka fi samunsa, na manoman da aka yi yaƙin a gonakinsu kuwa kaɗan ne aka rubuta.

 Allah ya ba mu zaman lafiya mai tushe, ya sa shugabanninmu su yi adalci.